Injin Jirgi Ya Ƙi Kawo Wuta: Matakan Bin Sawun Matsala Daga Fulogi Har Ƙarƙashin Filawil

Mutumin Birnin Gwari ya fi sanin cikin babur da injin ban ruwa a kan injin jirgi, kuma ba laifinsa ba ne. Kogin Mariga da ya bi gefen dajin Kamuku da madatsar Bagoma ba ruwan manyan jiragen haya ba ne. Sai dai daji bai san iyakar jiha ba. In ka bi shi kudu ta Allawa za ka faɗa tafkin Shiroro, wanda ya samu bayan an datse Kogin Kaduna domin tashar lantarkin da ta fara aiki a 1990. A can jirgin katako mai inji a gindi shi ne motar kasuwa. Shi ke kwaso mutane da buhunan masara da awaki zuwa kasuwar Zumba, kuma a shekarun da hanyoyin daji suka gagari matafiya, ƙauyuka da dama ruwan ne ya zame musu hanya. 'Yan yankinmu da kamun kifi ko fatauci ko gudun hijira ya kai bakin wannan ruwa, ko ya zarce da su Kainji da Yawuri, wasunsu sun wayi gari da inji a hannu, makaniken da ya san shi kuwa yana nesa.

A kwata, da zarar inji ya ƙi tashi, hukuncin farko da za ka ji daga bakin 'yan kallo shi ne, "Ai CDI ne ya ƙone." Ɗan baƙin akwatin nan yana cikin kayan wuta mafi tsada, ga shi a toshe ba a ganin cikinsa, don haka ɗora masa laifi ba wuya. A ganina shi ya kamata ya zo ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma. Wuta ana bin ta ne daga inda take ƙarewa, wato bakin fulogi, a yi ta komawa baya har inda ake haifar ta, kuma ba a sayen komai sai gwaji ya nuna shi. Abin da zan bayyana ya fi dacewa da injunan da ake haɗa musu fetur da mai, irin su Yamaha Enduro mai doki 15 ko 25 ko 40, da Suzuki da Tohatsu masu kama da su, da 'yan China irin su Parsun da suka bi tsarin Yamaha.

Hanyar da wuta ke bi

In ka cire hular inji, faifan ƙarfe mai nauyi da ke can sama shi ne filawil. A cikinsa akwai maganaɗisu. Ƙarƙashinsa akwai kwayil na caji, wanda ke haifar da wuta duk lokacin da maganaɗisun ya wuce ta kansa. Wannan wuta ce ke shiga CDI ta taru. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kwayil, falsa, da ba shi da aiki sai shaida wa CDI cewa fistin ya kusa kaiwa sama. Da saƙon ya iso, CDI zai saki abin da ya tara gaba ɗaya, kamar mai tara ruwa a bokiti ya watsa shi lokaci guda, ya tura wa kwayil na fulogi. Shi kuma ya ninka ƙarfin zuwa bolt dubu ashirin ko fiye, wutar ta bi wayar fulogi mai kauri, ta ratsa hular fulogi, ta tsallaka 'yar tazarar da ke bakinsa. Daga nan sai ta bi jikin inji ta koma gida, shi ya sa wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin inji, ke da muhimmanci kamar kowace waya.

Injin da ake ja da igiya ba ruwan wutarsa da batir. Duk wanda ya taɓa gyara wutar babur ko injin yankan katako ya riga ya san kashi mafi yawa na wannan tsari. Abin da ruwa ya ƙara a kai uku ne: danshi da ke cin haɗin wayoyi, makashin gaggawa da babur ba shi da irinsa, da kututturen bishiyoyin da tafki ya shanye da farfela ke karo da su.

Kayan da bai kamata jirgi ya rasa ba kaɗan ne: sufanar fulogi, sababbin fulogi biyu a naɗe cikin leda, sukudireba, filaya, sanfefa mai laushi, tef na wuta, busasshen tsumma, igiyar ja ta ajiya, tocila. Wanda ya ƙara da 'yar mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo ya gama shiri.

Mataki na ɗaya: tsayar da jirgi, sannan ka taɓa inji

In a tsakiyar ruwa inji ya mutu, jefa anga ko ka sa a riƙe jirgi da filafili, gaba ya fuskanci iska. Ka ce kowa ya zauna inda yake. Mutum biyar sun taso baya don su ga abin da makanike ke yi, gindin jirgi ya nutsa, wannan ya fi mutuwar inji haɗari. Sa giya a firi. Yawancin injunan nan suna da makullin da ke hana igiya jawuwa in inji na cikin giya, saboda haka igiyar da ta ƙi motsi ba lalle ne inji ya cije ba. In ana jin warin fetur a cikin jirgi, a goge, a matsar da tanki da jarkoki gaba kafin a gwada wuta. Tartsatsi ɗaya ya ishi tururin fetur.

Mataki na biyu: wuta ce ko mai ne?

Yadda inji ya mutu yakan ba da labari. Wanda ya ɗauke ɗif lokaci ɗaya, kamar an kashe shi, galibi wuta ce. Wanda ya yi ta kakari, ya ja ya saki, ƙarfinsa na raguwa har ya yi shiru, galibi mai ne ya ƙi zuwa. Duba 'yar kusar iska da ke kan murfin tanki ko a buɗe take. Matsa ƙwallon roba na tiyon mai har ya yi tauri, ka kuma tabbata kibiyar da ke jikinsa tana nuna wajen inji. Tsiyayo mai kaɗan daga gindin kafireta a cikin farar kwalba: in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mai ya yi tsada, jarkar bakin hanya kuwa ba kullum abin da aka ce yana ciki ke ciki ba.

Masu injin kananzir, irin su Yamaha EK40, su tuna da fetur yake tashi kafin ya koma kananzir. In ɓangaren fetur ya ƙare, ko an zuba masa kananzir bisa kuskure, ko wutarsa ta kai walƙiya ba zai tashi ba.

Mataki na uku: maƙallin kashe inji

A jikin hannun tuƙi ko gaban inji akwai maɓalli da ake soka wa ɗan maƙallin roba mai jar igiya. An yi shi ne don matuƙi ya ɗaura igiyar a hannu ko ƙugu, in ya faɗa ruwa maƙallin ya fita inji ya mutu. In maƙallin bai zauna daidai ba, babu wuta ko kaɗan. Cire shi ka mayar. Da yawa nasu ya ɓace, sun maye gurbinsa da guntun silifas ko naɗin zare, abin da kan saki sannu a hankali har inji ya riƙa ɗaukewa in ya ji girgiza. Sayi na gaskiya, ba shi da tsada, ka kuma riƙa ɗaura igiyar a jikinka, ba a jikin hannun inji ba.

Mataki na huɗu: karanta fulogi

Nan ya kamata mutum ya nutsu, don bakin fulogi yana faɗin abin da ke faruwa a cikin silinda. Cire su ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye na sama daban na ƙasa daban, ka kalle su a haske.

Wanda farar tangaran ɗinsa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe, wannan silinda lafiya take. Baƙi mai danƙo da maiƙo yana nuna mai ya yi yawa a haɗi, ko an daɗe ana tafiya a hankali, ko wuta ba ta da ƙarfi. Wanda ya jiƙe sharkaf da fetur yana wari, mai na zuwa amma ba ya kamawa. Wanda ya fito a bushe ƙayau bayan an ja igiya sau da yawa da cok, mai ne ba ya zuwa, koma mataki na biyu. Fari fat mai ƙuraje, ko wanda bakinsa ya fara narkewa, inji na zafi fiye da kima, wannan kuma ba a ci gaba da tafiya da shi. In ka ga ɗigon ruwa a bakin fulogi, ko ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa ya yi duhu, ruwa ne ke shiga silindar, galibi ta gasket na kai, kuma canza fulogi goma ba zai magance shi ba.

Maganar haɗin mai: galibin Enduro kashi 50 na fetur ne a kashi 1 na mai, wato jarka mai lita 20 tana cin mililita 400, tanki mai lita 25 kuma rabin lita. Sabon inji a kwanakinsa na farko akan ninka masa man. Man da aka yi don injin ruwa yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robarsa. Wanda ke zuba baƙin man mota, ko yake aunawa da ido yana cewa gara ya yi yawa, shi da wanke fulogi sun ƙulla abota.

Lambar fulogi tana rubuce a littafin inji, wani lokaci a cikin hularsa. A injunan Yamaha da yawa za ka ga NGK B7HS ko B8HS, wasu da ƙarin R, wasu da -10 a ƙarshe. Lambar tsakiya zafin fulogi ce: a tsarin NGK, 7 ya fi 8 zafi. R na nufin akwai ɗan birkin wuta a cikinsa. Mai -10 tazarar bakinsa milimita 0.9 zuwa 1.0 ce, maras ita kuwa 0.6 zuwa 0.7. Kada ka sa fulogin babur don kawai zarensa ya shiga. Wanda ya fi tsawo yana iya taɓa fistin, wanda ya fi zafi yana iya huda shi. Wajen mayarwa, fara ɗaurawa da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara kwata zuwa rabin zagaye da sufana. Kan silinda na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

In fulogi sun jiƙe, mayar da cok, ka bar su a waje, ka haɗa wayoyinsu da jikin inji, ka ja igiya sau shida ko takwas don silinda ta fitar da man da ta sha, sannan ka sa busassu.

Mataki na biyar: gwada ƙarfin wuta

Gwajin da kowa ya sani shi ne a sa fulogi a hularsa, a manna gindinsa da ƙarfen inji inda babu fenti, a ja igiya a ga ko zai yi tartsatsi. Yi shi nesa da ramin fulogi, ka riƙe da busasshen tsumma ko filaya mai roba, ƙafarka ba cikin ruwa ba. Amma wannan gwaji yana yaudara. A fili wuta mai rauni ma tana tsallaka tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba, a cikin silinda kuwa, inda fistin ya matse iska, sai mai ƙarfi. Sau da yawa za ka ji an ce "ai akwai wuta," alhali wutar ba ta isa komai ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wutar ta tsallaka wajen milimita 9 a fili. In babu na'urar gwaji, buga ƙusa biyu a busasshen katako, ka lanƙwasa su tsininsu ya fuskanci juna da wannan tazara. Ɗaya ka soka ta cikin hular fulogi, ɗayar ka ɗaura mata waya zuwa jikin inji. Rufe wurin da inuwar hula ko riga in rana ta take, ka ja igiya da ƙarfi irin na tayar da inji, don jan kasala ba ya haifar da isasshiyar wuta. Shuɗin tartsatsi mai ƙara tas-tas a kowane zagaye shi ake nema. Ja-ja siriri da ke zuwa yana ɗaukewa ba wuta ba ce.

Doka ɗaya a nan: kada a ja igiya wayar fulogi na reto a iska. Wutar da ba ta sami hanyar fita ba takan huda kwayil daga ciki ko ta illata CDI. A injunan da kwayil ɗaya ke ba silinda biyu wuta, in wayar ɗaya ba ta haɗe da jikin inji ba, ɗayar ma ba za ta nuna gaskiya ba.

Daga wannan gwaji hanya ta rabu uku: silinda ɗaya ce babu wuta, ko duka babu, ko kuwa wuta lafiya lau amma inji ya ƙi.

Mataki na shida: in silinda ɗaya ce

Injin da ke ɗingishi a kan silinda ɗaya yana tashi, yana jijjiga, ba ya jan kaya. Kashe shi bayan ɗan lokaci ka taɓa gindin fulogin a hankali: mai sanyin shi ne ba ya aiki. Musanya fulogin biyu. In matsalar ta bi fulogi ta koma ɗaya silindar, ka gama.

In ba ta bi ba, duba hula da waya. Hular fulogi a injuna da yawa murɗa ta ake yi ta fita. Kalli bakin wayar: in ya yi kore ko baƙi, yanke kamar santimita ɗaya ka sake murɗa hular a kan sabon wuri. Hula mai birkin wuta a ciki takan nuna wajen om 5,000 a mita, in ta nuna babu hanya sam ta mutu. Waya mai tsagewa kuwa da dare ake kama ta. Tayar da inji a duhu a kwata, hula a cire, za ka ga shuɗin zare na tsalle daga jikin wayar zuwa ƙarfe mafi kusa, har da 'yar ƙara. Irin wannan ce ke sa inji ya ƙi tashi da asubar damina ko bayan igiyar ruwa ta fantsama, rana na fitowa ya tashi kamar ba shi ba.

In kowace silinda da kwayil nata, musanya siraran wayoyin da suka fito daga CDI zuwa kwayil biyun, don gwajin tartsatsi kawai. Kwayil da ya yi shiru in ya kawo wuta yanzu, lafiyarsa ƙalau, matsalar tana baya, a falsa ko CDI. In ya ci gaba da shiru, shi ne. Mayar da wayoyin inda suke kafin ka tayar da inji.

Mataki na bakwai: in duka babu wuta, fara da farar waya

Makashin inji aikinsa shi ne haɗa wutar CDI da jikin inji. In ruwa ko tsatsa ya shiga cikinsa, sai ya riƙa kashe inji ba wanda ya taɓa shi. A Yamaha farar waya ce ke zuwa makashi, baƙa kuma ita ce at. Zare farar daga mahaɗinta, ka naɗe bakin da tef, ka sake gwada wuta. In ta dawo, makashi ne ko wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe. Wannan gwajin minti biyu ya ceci CDI masu yawa daga shara.

Ka sani fa, muddin farar wayar na cire ba ka da abin kashe inji, sai dai ka ja cok ko ka zare tiyon mai. Dabarar isa gaɓa ce, ba a ɗaukar fasinja a haka.

In wuta ba ta dawo ba, bi mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Zare, kalla, goge da sanfefa, matse bakin da filaya in ya saki, mayar. Kwance duk wata baƙar waya da aka ɗaure da noti a jikin inji, musamman ta gindin kwayil da ta CDI, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli. Injin da ya yi rani a jingine a ɗakin da ake ajiye hatsi, nemi aikin ɓera a jikin wayoyinsa tun kafin ka nemi wani abu.

Mataki na takwas: kwayil na ƙarƙashin filawil

Ba sai an cire filawil ake gwada su ba, wayoyinsu sun fito waje. A Yamaha da yawa, ruwan ƙasa da shuɗiya na caji ne, fara mai jan layi da fara mai baƙin layi na falsa ne, korayen kuma na fitila ne, ba ruwansu da tashin inji. Sa mita a kan om, zare wayoyin daga CDI ka auna. Kowane samfuri da adadinsa a littafin kamfani, amma ko babu littafi abu biyu a bayyane suke: mita ta nuna babu hanya, waya ta tsinke a ciki, ta nuna sifili, kwayil ya ƙone ya haɗe. In akwai irin injinka mai lafiya a kwata, roƙi mai shi ka auna nasa ka kwatanta. Lura da cewa kwayil mai waya ɗaya tal, ɗaya bakinsa a jikin inji yake tun daga kamfani, don haka nuna hanya zuwa ƙarfe ba laifi ba ne a wurinsa.

Ga wani abu da ke wahalar da mutane. A injuna da yawa farantin da kwayil ke zaune a kai yana juyawa duk lokacin da aka murɗa totur, don ya gaggauta lokacin wuta. Wayoyin da suka fito daga farantin suna lanƙwasa sau dubbai, har tagullar ciki ta karye roba na nan lafiya. Alamarsa ita ce inji ya riƙa ɗaukewa a wani matsayi ɗaya na totur. Bar mita a haɗe, ka sa yaro ya murɗa totur a hankali daga ƙasa zuwa sama kana kallo. In lamba ta yi tsalle ko ta ɓace, ga ɓarawon nan.

Tsofaffin injuna masu kwantak maimakon CDI, a goge bakin kwantak ɗin, a daidaita tazararsa yadda littafi ya ce, a canza kwandansa in bakin yana yawan ƙonewa.

Mataki na tara: wuta lafiya, mai lafiya, inji ya ƙi

Fara da abin kunya: wayar fulogin sama tana sama, ta ƙasa tana ƙasa? Daga nan tambayi kanka ko farfela ta daki wani abu kwanan nan. Tafkunan da aka yi da datse kogi sun shanye dazuzzuka, kuma in ruwa ya ja baya da rani kututture kan matso kusa da sama. Tsakanin filawil da sandar inji akwai ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, makanikai na ce masa kii, shi ke tsayar da filawil a daidai inda wuta za ta zo kan lokaci. In farfela ta tsaya farat ɗaya, nauyin filawil yakan yanke kii ya gusa. Wuta na nan da ƙarfinta, amma tana zuwa kafin lokaci ko bayansa. Inji ya riƙa harbi ta salansa ko ta kafireta, ko ya fizge igiya daga hannunka har kafaɗa ta amsa.

Cire filawil aikin fula ne, wato na'urar da ake zare shi da ita. Guduma tana raunana maganaɗisu, tana ɓata zaren sanda da boris. Kusoshin fula kuma kada su nutsa da yawa, kwayil na ƙarƙashinsu. In ka buɗe, duba maganaɗisu ko ya tsage ko ya saki, goge tsatsa, sa sabon kii na gaskiya. Guntun ƙusa da aka dandaƙe ba kii ba ne. Wurin da filawil ke zama a goge shi ya bushe, ba a shafa masa giris, a kuma ɗaure notin da ƙarfin da littafi ya faɗa, domin matsewar ce ke riƙe filawil. Noti sako-sako zai sake cin kii ko ba a daki komai ba.

In kii lafiya yake, toshe ramin fulogi da babban yatsa ka sa a ja igiya, wayoyi a haɗe da jikin inji. Silinda mai lafiya za ta ture yatsan da ƙarfi. Wadda ta yi laushi, ko ta bambanta da 'yar'uwarta sosai, maganar ringi da fistin ce, ta fita daga babin wuta.

Mataki na goma: mai mutuwa in ya yi zafi

Wannan ya fi kowanne mugunta, don a kwata lafiya lau yake. Ya yi tafiyar rabin awa ya mutu, ya huce ya tashi. Kwayil mai tsagewa a ciki haka yake yi: zafi ya buɗa tsagar, sanyi ya rufe. Ba a kama shi sai a lokacin, saboda haka katakon gwajinka ya kasance kusa, inji na mutuwa ka gwada wuta ka auna kwayil tun da zafinsu.

Kafin ka zargi kwayil, kalli fitsarin inji, ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. Wasu injunan in sun yi zafi da kansu suke rage gudu zuwa wajen zagaye 2,000 a minti, har mutum ya ɗauka wuta ce ke yankewa. In fitsari ya tsaya, kashe inji, ɗaga ƙafarsa ka cire leda ko ciyawa daga ramukan shan ruwa. Zura siririyar waya a ramin fitsarin, don zanzaro na son gina ɗakinsa a nan in inji ya kwana biyu a ajiye. In duk da haka bai zo ba, robar famfon ruwa ta cinye, abin da yashin damina da tayar da inji a tudu ke jawowa.

Injin da ka san yana wannan ɗauke-ɗauken, kada ka loda masa mutane da kaya ranar kasuwa da fatan zai kai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma injin da ya mutu da la'asar a tsakiyar tafki shi ke mayar da tafiyar rana ta dare.

Sai yanzu CDI

Makashi ya fita daga zargi, at tana da kyau, caji da falsa sun auna daidai, kwayil na fulogi lafiya, wuta kuma babu: yanzu kana da hujja. Hanya mafi tabbas ita ce aron CDI na inji irin naka a gwada, bayan ka tabbata babu wayar da ta goge da za ta ƙona na mutane. In za ka aika a sayo, ko Minna ko Panteka a Kaduna ko wurin dillalan Legas, kwafi lambar samfurin da ke kan farantin maƙalar inji, ka ɗauki hoton tsohon da launin wayoyinsa. Doki 40 kawai ba adireshi ba ne, E40G da E40X ba kayan wuta ɗaya suke ci ba. Na babur kuma ko ya tayar da inji, lokacin wutarsa daban ne.

Masu manyan injuna na batir da makulli su ƙara da wannan: batir mai rauni ba ya juya inji da saurin da zai haifar da wuta, juya kan batir ko cire shi inji na aiki kuma yana ƙona abin caji.

In inji ya faɗa ruwa

Kada a jira gobe, tsatsa na fara cin boris da zarar iska ta taɓa su. Wanke laka da ruwa mai tsabta, cire fulogi, juya inji ramukan su kalli ƙasa, ja igiya a hankali ruwa ya fita. In ka ji gurzar yashi ko igiya ta cije, tsaya nan, sai an kwance shi. In yana juyawa sumul, tsiyaye kafireta, zuba man haɗi kaɗan a kowace silinda ka juya, buɗe mahaɗan wayoyi ka shanya su, ka bar ƙarƙashin filawil ya bushe. Sa sababbin fulogi da sabon fetur mai haɗin 25 a 1, ka tayar da shi ƙafarsa cikin ruwa, ya yi aiki a hankali akalla rabin awa don zafi ya kori sauran danshin.